Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Kafin Iyaye Su Sayi Manhajar Koya Wa Yara Harshen Waje A Gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da iyayen da suke koyar da ƙananan 'ya'yansu a gida, musamman waɗanda suke neman tsarin da za su bi su koya musu wani harshe na ƙasashen waje. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan tallace-tallacen da ake turo mana ta WhatsApp da Facebook, inda ake yi wa iyaye alkawarin cewa yaro ɗan shekara huɗu zai riƙa zuba Faransanci ko Larabci ko Sinanci cikin 'yan watanni, muddin aka biya kuɗi, aka sauke wata manhaja, aka miƙa masa waya. Ni malamar firamare ce kafin in koma koyar da 'ya'yana da na maƙwabta a gida, kuma ra'ayina a kan wannan batu ɗaya ne: abin da ya kamata a auna kowane tsari da shi shi ne ko yana sa yaro ya buɗe baki ya yi magana da wani mutum mai rai, domin ƙaramin yaro daga bakin mutane yake ɗaukar harshe.

Koyar da yara a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tunda a gidajen malamai da yawa a hannun uba ko yaya yaro yake fara karatun allo. Abin da yake sabo shi ne yawan waɗanda suka ɗauki nauyin karatun boko ma a cikin gida. Wasu sun fara ne lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, wasu tsoro ne ya sa suka riƙe 'ya'yansu bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 da Kuriga a Maris na 2024, wasu kuma kuɗin makarantu masu zaman kansu ne ya fi ƙarfinsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, saboda haka duk wanda yake koyarwa a gida wajibi ne ya sa ido a kan manhajar karatu ta gwamnati, kada harshen waje ya cinye lokacin lissafi da karatu da rubutu. Wannan dai shimfiɗa ce, ba shi ne abin da ya kawo ni ba.

Tambayar da ta riga zaɓen manhaja ita ce wane harshe za a koya, kuma a nan ne na ga iyaye da yawa suna bin yayi. Turanci ba ya cikin wannan lissafi, domin shi ne harshen jarrabawa a Najeriya, dole ne yaro ya koye shi ko ana so ko ba a so. Idan aka cire shi, harsuna uku ne suka fi yawo a bakin iyaye. Larabci yana da gindin zama a gidajenmu saboda addini, kuma malamansa suna nan a kowace unguwa. Sai dai ya kamata mu gane cewa iya karanta Alƙur'ani da tajawidi, wanda shi ne babban aikin makarantar allo da Islamiyya, abu ne daban da iya hira da Larabci. Yara da yawa sun haddace izifi mai yawa amma ba za su iya cewa suna jin ƙishirwa da Larabci ba, kuma wannan ba laifin malamansu ba ne, ba a gina karatun don haka ba ne tun farko. Uwar da take son ɗanta ya yi magana da Larabci sai ta nemi tsarin da aka yi domin magana, ta kuma tambaya ko daidaitaccen Larabci na littattafai da labaran rediyo ake koyarwa ko karin harshen Masar ko na Sham, domin wasu shirye-shiryen yara da ake samu a intanet da karin harshen ƙasarsu suke.

Faransanci kuwa, a ganina, shi ne harshen da muka fi yin sakaci da shi duk da cewa yana bakin ƙofarmu. Nijar da Chadi da Kamaru da Binin duk sun yi iyaka da Najeriya, kuma a dukkansu ana aiki da Faransanci a makarantu da ofisoshi. Iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, mutanen Jibiya da Maraɗi ko na Illela da Birnin Ƙonni kuwa dangi ne da suke auratayya da cin kasuwa ɗaya. Tun a 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, akwai kuma cibiyar koyon Faransanci ta ƙasa a Badagry kamar yadda ake da ta Larabci da aka kafa a garin Ngala a jihar Borno, amma har yau ɗaliban makarantun gwamnati da yawa suna gama sakandare ba su taɓa ganin malamin Faransanci ba. Gaskiya ne cewa a 2025 hukumomin Nijar sun ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, suka mayar da Faransanci harshen aiki, amma takardun asibiti da na kwastan da littattafan jami'a a yankin ba za su sauya harshe a dare ɗaya ba. Shi kuma Sinanci, 'yan kasuwarmu da suke zuwa Guangzhou saro kaya su ne suka fi sanin amfaninsa, kuma ban raina shi ba. Abin da nake tambayar duk wanda ya ce zai sa ɗansa ɗan shekara biyar a darasin Sinanci shi ne, da wa yaron zai yi magana bayan an kashe waya? Idan babu amsa, gara a jinkirta, a fara da harshen da ake iya jin sa a unguwa ko a cikin dangi. Kuma harshe ɗaya ya isa a lokaci guda, domin yaron da yake fama da Hausa da Turanci da karatun allo ya riga ya ɗauki kaya mai nauyi.

Yanzu ga maganar jan hankali, wadda ita ce babbar hujjar masu talla. Suna nuna hoton yaro ya ƙura wa allon waya ido yana dariya, su ce ga shi nan yana koyo. Yaro yana iya shafe awa biyu yana danna hotuna, yana tara taurari da maki, yana jin ƙararrawar yabo duk lokacin da ya dace da amsa, alhali abin da ya ƙware a kai shi ne sanin inda zai danna. Na sha gwada yaran da iyayensu suka ce sun yi nisa a irin waɗannan manhajoji, in ɗaga kofi ko takalmi in tambaye su sunansa da harshen da suke koyo, sai su yi shiru, amma da an nuna musu hotuna huɗu a waya nan take za su zaɓi na daidai. Gane kalma a cikin zaɓi huɗu mataki ne, ban ce banza ba ne, amma tsakaninsa da magana akwai tafiya mai nisa.

Masana sun daɗe da bincika wannan. A shekarar 2003 Farfesa Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle na Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. An haɗa wasu da mutanen da suke yi musu wasa da karatu da Sinanci a zama goma sha biyu, kowane zama kimanin minti 25, wasu kuma aka nuna musu irin wannan darasi a bidiyo ko aka kunna musu murya kawai. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi bambance sautukan Sinanci, waɗanda suka kalli bidiyo ko suka saurari murya kuwa ba su nuna sun koyi komai ba. Gwajin a kan jarirai aka yi shi, kuma yaro ɗan shekara biyar ko shida yana iya tsintar kalmomi daga bidiyo, amma darasin da ke ciki bai sauya ba: yaro yana koyo ne daga wanda yake kallon idonsa, yake jiran amsarsa, yake maimaita masa idan ya ga bai gane ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon waya ko talabijin, waɗanda suke tsakanin shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana, ƙasa da haka ma ya fi. Duk tsarin da aka gina shi a kan yaro ya zauna shi kaɗai da waya na tsawon lokaci ya saɓa wa wannan shawara tun daga tushe.

To wane irin tsari ne ya cancanci kuɗin iyaye? Wanda ya fara da kunne da baki, ya jinkirta alƙalami. Darasinsa gajere ne, minti goma zuwa ashirin, ana yi kullum ko kusan kullum, domin kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi zaman awa biyu ranar Asabar. Kalmominsa na abubuwan da yaro yake taɓawa ne, irin su ruwa da abinci da sassan jiki da launuka da dabbobin gida, kuma yana dawo da kalma ɗaya sau da yawa a cikin waƙa da labari da wasa, ba ya zuba sababbin kalmomi hamsin a mako don a burge iyaye. Yana sa jiki ya motsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna James Asher, na jami'ar San José a Kaliforniya, ya tsara wata hanya tun a shekarun 1960 inda malami yake ba da umarni da sabon harshe, kamar tashi, zauna, taɓa hancinka, kawo mini cokali, yara kuma suna aikatawa kafin a nemi su furta komai. Wannan hanya ba ta buƙatar wuta ko data, kuma duk wanda ya ga yadda 'yan mata suke haddace waƙoƙin gaɗa a dandali da tafi da tsalle ba tare da wani ya zaunar da su ba ya san dalilin da ya sa take aiki. Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina, tsari mai kyau yana ba uwa ko uba abin yi: yana da jagorar da take cewa ga abin da za ku faɗa wa yaro yau lokacin cin abinci ko wanka, tare da muryar da za ku saurara ku gyara furucinku. Iyaye da yawa suna jin kunyar cewa su ma ba su iya harshen ba. Babu abin kunya a nan, uwar da take koyo tare da ɗanta tana ba shi abokin hira a cikin gida, wanda shi ne abin da waya ba za ta iya ba shi ba.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu Hausawa wadda masu talla ba sa ambata, kuma ina so iyaye su tsaya a kanta sosai. Mafi yawan manhajojin da ake sayarwa an yi su ne domin yaran Amurka da Ingila, saboda haka da Turanci suke bayani, da Turanci suke fassara, da Turanci suke ba da umarni. Yaron da ya tashi da Hausa, bai kuma zauna da ƙafafunsa a Turanci ba, idan aka ba shi irin wannan manhaja don ya koyi Faransanci, an ɗora masa baƙin harsuna biyu ke nan a lokaci guda, kuma idan ya kasa sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Wasu manhajojin ma, irin su Duolingo ta manya, sun ɗauka cewa mai amfani da su ya riga ya iya karatu, don haka ba su dace da ɗan shekara huɗu ko biyar ba ko da kuwa zanensu yana da ban sha'awa. Abin da ya fi dacewa da yaranmu shi ne tsarin da ba ya fassara ko kaɗan, yana nuna abu ya faɗi sunansa da harshen da ake koyo, sauran bayani kuma uwa ta yi shi da Hausa.

Haka nan maganar rubutu. Yaronmu yana koyon haruffan Larabci daga dama zuwa hagu da safe, yana koyon na boko daga hagu zuwa dama da hantsi, kuma ko a cikin boko sautin da harafi yake bayarwa a Hausa ba lallai ne ya zama shi yake bayarwa a Turanci ba. Idan aka ƙara masa rubutun Faransanci, inda ake rubuta haruffa da yawa a ƙarshen kalma ba a furta su, kafin karatunsa na farko ya zauna, sai ya rikice ya fara ƙin littafi gaba ɗaya. Shawarata ita ce a bar sabon harshe a kunne da baki har sai yaro ya iya karanta gajeren labari da Hausa ba tare da tangarɗa ba. Duk manhajar da ta fara da rubuta haruffa da haddar ƙa'idojin nahawu ga ɗan shekara biyar, a ajiye ta sai gaba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato iyayen da suke hana yin Hausa a gida da sunan wai kada ta ɓata wa yaro sabon harshe. Wannan kuskure ne babba, kuma bincikenmu na gida ya nuna haka. A shekarar 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Jami'ar Ife inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. Yaron da ya iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe da Hausa, ya san tatsuniya da kacici-kacici, ya iya gardama da kawo hujja, a kan wannan ƙwarewa zai ɗora kowane harshe daga baya. Wanda aka raba shi da Hausa aka bar shi da guntun Turanci da guntun Faransanci kuwa, an hana shi hira da kakarsa, ba a kuma ba shi wani harshe cikakke a madadin ba.

Game da samun wanda yaro zai yi magana da shi, abin ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. A Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri akwai 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi makaranta da Faransanci, akwai ɗaliban sashen Faransanci da na Larabci a jami'o'i da kwalejojin ilimi da suke neman abin taimaka wa kansu, akwai kuma waɗanda suka yi karatu a Sudan da Masar da Madina. Gidaje uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya ya riƙa zuwa sau biyu a mako yana wasa da yaran da harshen, kuma taron yara yana da nasa amfani, domin yaro ya fi saurin kwaikwayon ɗan'uwansa yaro. Sai dai a lura, iya harshe daban, iya tafiyar da ƙananan yara daban. A zauna a kalli darasin farko, a ga ko malamin yana barin yara su yi magana ko shi kaɗai yake surutu, a ga yadda yake yi idan yaro ya yi kuskure, domin tsawa da bulala suna rufe bakin mai koyon harshe. Kuma a yi darasin a tsakar gida ko a wurin da babba yake gani, ko malamin na zahiri ne ko ta bidiyo yake koyarwa. Wanda yake son shaida a hukumance idan yaro ya girma kaɗan, akwai jarrabawar Faransanci ta yara mai suna DELF Prim da aka tsara domin 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu, ana iya neman bayaninta a cibiyoyin koyar da Faransanci na Alliance Française, ciki har da ta Kano.

Maganar kuɗi ba ta buƙatar dogon bayani. Yawancin manhajojin waje da dala ake biyansu, kuma tun da aka bar kasuwa ta riƙa ƙayyade darajar naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda lissafin ya koma. Kada a biya kuɗin shekara kafin a gwada na kyauta ko na wata ɗaya, a duba ko manhajar tana cire kuɗi da kanta idan wa'adi ya cika, a kuma tabbatar ana iya sauke darussan a yi amfani da su ba tare da intanet ba, saboda halin wuta da tsadar data. Akwai kuma kayan karatu na kyauta, misali shafin African Storybook yana da gajerun labaran yara masu hotuna da harsunan Afirka da dama, har da Hausa, da kuma Faransanci, ana iya bugawa a takarda.

Sai tarbiyya. Uba ko uwa su kalli darussan da idonsu kafin yaro ya gani, musamman na YouTube inda talla da bidiyon da ba a nema ba suke biyo bayan darasi. Ko bayan abin da ya saɓa wa addini da al'ada, yana da kyau a fifita kayan da aka yi a Afirka, waɗanda suke nuna kasuwa da rijiya da akuya da babur, domin yaro ya fi riƙe sunan abin da zai fita waje ya gani ya nuna da yatsa fiye da sunan dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Hanyar gane ko tsari yana aiki kuwa ba ta cikin makin da manhaja take nunawa. Bayan wata biyu ko uku a saurara a ji ko yaro yana rera waƙar shi kaɗai yana wasa, ko yana kiran kyanwa ko takalminsa da sabon suna ba tare da an tambaye shi ba, ko yana koya wa ƙaninsa. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, a sauya hanya, kada a zargi yaron.

Daga ƙarshe, ya Edita, ina da roƙo guda biyu. Na farko, wannan jarida ta tura wakilinta sashen harsunan waje na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, ya tambayi malamai ko akwai kayan koyar da ƙananan yara Faransanci da Larabcin magana da aka shirya da bayanin Hausa, idan akwai a sanar da iyaye inda za su same su, idan babu a ji abin da ya hana. Na biyu, gidajen rediyonmu na jihohi su duba yiwuwar ware minti goma sha biyar a mako domin darasin harshe na yara wanda uwa za ta saurara tare da 'ya'yanta, da waƙa da umarnin motsa jiki da bayani da Hausa, tunda rediyo yana isa ƙauyukan da manhajar waya ba ta isa.

Na gode da wannan dama.

Wassalam,
Ni ce taku,
Wata malama mai koyar da yara a gida, Kano.